Ka Ja Rufin Ka Sauko, Casimiro

Baiwar Allah, ajiye tiren maganin nan ki saurare ni yanzu-yanzu, kafin motar 'yan kwana-kwana ta koma kan dutse. Ban iya rubutu ba. Ki sa yadda na faɗa.

Casimiro, sanyin safiyata, inuwar da na tsufa a ƙarƙashinta, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, tsohona mai taurin kai!

Ga ni kwance a asibiti a Alamogordo, ƙugu a karye, ko juyi ba na iyawa. An rufe hanya, waya ta mutu. Ta taga ina kallon wutar daji tana hawa dutsenmu, kai kuma an ce kana ɗakin madubin hangen rana, ka ƙi fitowa. Wai don kada hotuna su yanke?

Ka tuna safiyar da na kai maka wake da barkono, ka ja ni gaban allon da ke nuna hoton rana? Igiyoyin wuta ne lanƙwashe kamar baka a gefen rana, ɗaya tana karkarwa kamar tsirkiyar jita. Ka ce daga yadda take kaɗawa, da daɗewarta kafin ta lafa, masana suke gane kaurin iskar wurin da ƙarfin maganaɗisunsa, wurin da ɗan Adam ba zai taɓa takawa ba. Ka ce in hoton minti goma ya ɓace, aikin yini ya lalace. Na ce ashe mai gadin igiya na aura. Shekara arba'in da ɗaya kana buɗe rufin ɗakin nan da hantsi, na taɓa hana ka?

Amma yau hayaƙi ya cinye sama, hasken idona. Me madubin zai gani? Rana za ta fito gobe ko kana nan ko ba ka nan. Ni fa? Hannuna ne yake karkarwa, ya ƙi lafawa, kuma wannan ba sai ka hango daga nesa ba, kana iya zuwa ka riƙe shi.

Ka shiga motar nan. Idan ka iso, ba zan yi maka faɗa ba, ko kaɗan ne zan yi.

Taka tun ina budurwa har a binne ni,
Tomasa.

Tsaya, 'yar nan, kada ki ninke tukuna. Na san shi, ba ya jan rufin sai shugabar wurin aikinsa ta ce a rufe. Dakta Marjorie ke nan, ita masu motar za su fara gaya wa.