Kamfas ɗin Baba

Daren Laraba, unguwar Mansur, Makka

Yau saura kaɗan in ɓata wa Baba rai. Gobe zan nuna wa ɗalibaina yadda wayar tangaraho ta farko take kai saƙo da allura, sai na ɗauko tsohon kamfas ɗinsa, wanda kakana ya riƙa duba alƙibla da shi a hanyarsa daga Kano. Na naɗa wa kamfas ɗin waya, na haɗa da batir. Allurar ta karkata dama, na juya batir ta koma hagu.

Na ce, "Baba, ka gani? Haka ake haɗa haruffa, mutum yana wani gari yana karantawa."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ya binti, 'yata, kin ruɗa ta. Ita fa ta kawo mu Makka."

Wallahi gabana ya faɗi, don ban taɓa gwadawa ba, ban san ko za ta koma daidai ba. Na cire wayar. Allurar ta yi ta lilo, sannan ta tsaya inda ta saba.

Ya daɗe yana kallonta. Can sai ya turo min batir ɗin.

"Yalla, maza mayar da wayar. Rubuta sunan babana in gani."