Kashi Taran da Inna Ta Faɗa Maka

Laraba, 19 ga watan Yuni, ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Ina teburina a ofis, abokan aiki sun fita cin abinci.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya kawo sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau. Tarin Inna ya lafa, ɗan Yaya kuma ya fara tafiya, yanzu babu kofin da ke da kwanciyar hankali a gidan.

Kawu, jiya Inna ta gaya mini za ka sayar da filinka, wanda ka ajiye don gina gidan da za ka zauna idan ka dawo, ka sayi tankar dakon mai. Wai don na ce buƙatar mai a ƙasa za ta ƙaru da kashi tara cikin ɗari baɗi. Na faɗa, muna cin abinci, amma sai da na ce wataƙila, kuma da alama wayar Inna ba ta ɗaukar wannan kalmar. Magana zarar bunu ce. Bari in gaya maka inda taran ta fito.

A sashenmu na ƙididdigar buƙatar mai muna ɗaukar yawan motocin da ke da rajista, mu ƙiyasta tafiyar kowace a shekara da man da take sha, sannan mu haɗa da abin da masana'antu suka ce suna saye. Matsalar ita ce kowa yana zuwa ya yi wa sabuwar mota rajista, amma babu mai dawowa ya ce tasa ta mutu. Ka tuna motar marigayi Baba da ke bayan gida a kan duwatsu, wadda kajin Inna ke ƙwai a kujerarta ta baya? Na nemi lambarta, na same ta. A lissafinmu har yau tana kan hanya tana shan mai. Da na nuna wa shugaban sashenmu, ya yi dariya har da tari, ya ce a gaishe da direbobinta. Kowace shekara muna ƙara sababbi ba ma cire matattu, dole adadi ya kumbura.

Ba a nan ta tsaya ba. Sababbin masana'antu suna rubuto mana duk dizal ɗin da suke saye, har da na manyan motocinsu, mu kuma mun riga mun ƙirga motocin a ɓangaren hanya. Lita ɗaya ta shiga lissafi sau biyu ke nan. Yanzu muna gyara duka, rahoton zai fito ƙarshen wata. Na tambayi shugaban ko zan iya faɗa maka sabon adadi, ya ce a'a, amma in gaya wa kawuna taran nan ba ta da ƙafar tsayawa.

Ban isa in hana ka sana'a ba, Kawu, kai ka biya mini kuɗin makaranta. Wataƙila tankar alheri ce. Roƙona kawai ka dakata rahoton ya fito, in aiko maka, ka karanta da idonka. Sauri kan haifi nawa, fili kuma ba ya ruɓewa.

Inna da Yaya suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Gwaggo da 'yan biyu da maƙwabcinka tela. Ga abubuwan da ban sani ba, don kada a sake cewa na ce:

Ban san motoci nawa ne suka mutu ba.
Ban san masana'antu nawa za su koma wutar lantarki su rage janareto ba.
Ban san ko ƙaruwar buƙata a ƙasa za ta sama wa tankarka lodi ba, wannan ba ya cikin lissafinmu.
Ban kuma san ko ka riga ka sa hannu ba. Inna ta ce mai sayen zai zo maka ranar Asabar, amma ta kasa tuna wace Asabar. Idan wadda ta wuce ce, don Allah kada ka ɓoye mini.

Wassalam,
'yarka, wadda kake kira Sarkin Tantama.