Tsagar da ke Bayan Yadi

Litinin, 3 ga Yuni
Baban yara ya ce ranar Asabar masu sayen gida za su zo dubawa. Ya daɗe yana kallon tsagar bangon ɗakin baya, wadda ta taso daga taga har ƙasa, sannan ya ce, "Ke da kike ɗinki, ba za ki rufe mana wannan ba?" Ikon Allah! Ni riga na iya ɗinkawa, ba bango ba. Amma in gidan nan bai sayu ba, ba mu da wurin sauka a garin da aka mai da shi aiki, kuma na san ni zai riƙa harara.

Laraba, 5 ga Yuni
Na dama sitaci cike da roba, na shafe bangon da soso, na ɗora yadin labule mai zanen ganye tun daga sama, ina lailaye shi da tafin hannu don kada iska ta maƙale. Kafaɗata kamar za ta cire. Da na zo kan tsagar, yatsana ya nutse ciki. Na ƙara sitaci na wuce.
Ya yi kyau, wallahi. Abin haushin ke nan.

Alhamis, 6 ga Yuni
An yi ruwa. Danshi ya zana layi a jikin yadin, daidai kan tsagar. Wuni na yi ina juya masa fanka.

Asabar, 8 ga Yuni
Sun zo. Mijin mai sanyin magana, matar da tsohon ciki, tana tafiya tana dafe ƙugu. Layin ya bushe, Allah ya rufa asiri. Ko dai in ce ni na rufa. Tana shiga ɗakin ta shafa yadin. "Kai, Anti, da hannunki kika yi? Nan zan jingina gadon jariri." Na buɗe baki, Baban yara ya yi gyaran murya. Sai na ce, "Allah ya sauke ki lafiya." Abin da na iya faɗa ke nan.

Lahadi, 9 ga Yuni
Mun yi ta da Baban yara. Wai bango ba yau zai faɗi ba, shekara nawa muna ciki? Na ce to me ya sa tun bara ka hana yaranmu kwana a ɗakin? Ya ce kada in ja masa asara da bakina, ya ɗauki hularsa ya fita. Tsoro nake ji, na shi da na bangon.

Talata, 11 ga Yuni
Matar nan mai ciki ta dawo ita kaɗai, wai in koya mata manna yadi. Na nuna mata kaurin sitaci, da yadda ake farawa daga sama. Ta ce, "To in ya yi datti fa, Anti?" Na ce ai da sauƙi, jiƙa shi ake yi ya saluɓe, bari ki gani.
Bango ne fa faɗinsa guda, ko'ina zan iya jiƙawa. Ban san abin da ya kai soson nan gefen taga ba.
Yadin ya saluɓe, ta daɗe tana kallon tsagar, hannunta a kan cikinta. Ta sa yatsa, ya nutse. "Na gode, Anti," ta ce a hankali, ta nemi takalmanta.
Baban yara bai dawo ba tukuna. Akwai sauran sitaci a roba, minti kaɗan zai ɗauke ni in mayar da yadin.
Na zubar da sitacin a rariya. Ai dama ya fara tsami.