Baba Ya Ce In Kashe Na'urar Karatun Ƴan Mata

Tanti Ummulkhairi, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malamar lissafi ce a wata kwaleji nan Madarounfa, ina zaune gidanmu. Bara na sayo wata ƴar ordinatar ta hannu, wato kwamfuta, a Maraɗi, ba ta fi kwanon sha ba. Ba bantilater, wato fanka, a cikinta, don haka ko numfashinta ba a ji, kuma wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan fitila ba. Na sa mata Linux, babbar manhajar da ke tuƙa na'ura, wadda mutane daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta suka bar wa kowa. Na sha wuya kafin in iya, har kuka na yi ranar da ta ƙi tashi. Na zuba mata littattafai, da tsoffin tambayoyin jarrabawar birebe, da bidiyon darussan da na ɗauka da Hausa. Yarinya za ta zo zaurenmu da wayar salular uwarta, ta kama wifi ɗin na'urar, ta kwashi abin da take so, ba sa kiredi a waya, ba jiran rezo, wato sabis. Ko an ɗauke wutar kuran, batirin hasken rana na riƙe ta. Akwai Bushira da ta faɗi jarrabawa a baya, bana ta ci, uwarta har wake ta kawo mini.

To, aminin Baba, Alhaji Sule mai fatauci a Ɗan Issa, shi ya ce masa babu abin kyauta a duniyar nan: ko dai manhajar ta sata ce, ko masu ita na sauraren gidanmu. Wai abin da ba ya barci ba ya motsi, abin tsoro ne. Baba ya ce in kashe ta kafin a koma makaranta. Na so in yi bayani, muryata ta hau, ya ture tuwonsa ya tashi. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kuma gaskiya ban tambaye shi ba lokacin da na ajiye ta a zaurensa. Wata ƙawata ta ce in kai ta gidansu a ɓoye. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma yaran nan fa?

Ƴarki mai neman mafita, Madarounfa

Ƴata, Allah ya yi miki albarka da wannan aiki. Amma ki ajiye shawarar ƙawarki. Garinku ba ya riƙe sirri, kuma ranar da Baba ya ji a bakin wani, ɓarakar za ta fi wannan.

Mahaifinki ba shirme yake ba. Abubuwa da yawa da ake saukewa kyauta a salula tarko ne, suna kwasar bayanan mutane. Sannan ƴaƴan jama'a ne ke taruwa a zaurensa. In wani abu ya faru, sunansa za a kira, ba naki ba. Tambayarsa daidai ce, amsa ce bai samu ba.

Ki fara kashe ta kamar yadda ya ce. Ki kwafe komai ki adana, sannan ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan ɗaga murya da kuma rashin neman izini. Kada ki haɗa ban haƙurin da bayani, ki bari ya huce.

In kin ga fuska, ki yi masa magana da abin da ya sani. Ya san gayya, ya san mutumin da ke haƙa rijiya a bakin hanya ya bar wa masu wucewa. Haka wannan manhaja take: masu ita da kansu suka rubuta iznin a ɗauka, a raba, a duba cikinta. Wanda ya ɗebi ruwan sadaka bai yi sata ba. Zancen saurare kuma, ki nuna masa ba ta da makirfo, kuma in ba ki haɗa ta da intanet ba, ki faɗa masa babu hanyar da magana za ta bi ta fita. Ki nemi limamin unguwa ko shugaban makarantarku ya zauna da ku, har da Alhaji Sule in ya yarda. Uwar Bushira ma ta zo ta faɗi nata da bakinta.

Ki kuma ba shi hannu a ciki. Shi zai tsai da lokacin zuwan yara da na tashinsu, ya ga abin da ke ciki da idonsa. Ki zuba masa karatun malamin da yake so ya saurara. Dattijo ba ya korar abin da aka damƙa masa amanarsa.

In duk da haka ya ƙi, ki roƙe shi ya sa miki albarka ki kai ta makarantarku, a fili, da saninsa. Amma ni ina kyautata zato. Uban da ya bar ƴarsa ta yi karatu har ta zama malama ba maƙiyin karatun ƴan mata ba ne. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ɗalibanki sa'a.

Tanti Ummulkhairi