Ƙararrawa a Madadin Dangi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma? Yaran fa, sun bar ki kin huta?

Kada hankalinki ya tashi: santsi ya kwashe ni, na karye a cinya. Ƙaramin asibitin unguwa ya ce na fi ƙarfinsa, ya tura ni asibitin koyarwa. Bayan tiyata, kullum ɗalibai na zagaye gadona kamar masu taya saniya. Masu asibitin ba sa barin mai jinya ya kwana, ƙararrawa suke ba mutum a madadin dangi. Tana kawo nas, sai dai ba ta iya sannu ba.

Dokarsu, wanda bai hau matakala da sandarsa ba, asibitin gashin ƙashi za a mayar da shi. Ni kuwa jarrabawar ƙarshe tana jirana. Mai koya mini tafiya ta ce, "Baiwar Allah, ki haƙura da bana." Na ce, "Ba ki san gidanmu ba."

Jiya na hau, na sauko, gumi sharkaf. An sallame ni.

Ku taya ni da addu'a. Ki gaya wa Umma taurin kan nan da take kuka da shi, yau ya yi rana.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki