Tuwon ɗan ƙanwata ni nake cinyewa

Hajiya Azumi, ki taimake ni, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a unguwarmu ta New Bell ba tare da ta kai bakin famfo kafin la'asar ba.

Ni mutumin Daura ne, dako ya kawo ni Duwala. A kasuwar Kongo na ƙarar da ƙarfina ina ɗaukar dilolin atamfa, har yau ban koma gida ba, don babu abin da zan nuna. Abu guda na shuka a garin nan, shi ne Sirajuddeen, ɗan ƙanwata marigayiya. Ni na haɗa masa ƙarfen ɗagawa na farko, gatarin tsohuwar mota da gwangwanaye biyu cike da siminti. Yau yana ɗaga ƙarfe da sunan Kamaru a ajin marasa nauyi. Ya je Masar, ya je Aljeriya, ya dawo da lambar tagulla, 'yan bensikin, masu acaɓa, suka rako shi gida da hon.

Kin san yadda ƙasa ta koma tun da aka karya darajar sefa, kuɗi ya yi wuya. Bana mutum ɗaya za a tura gasar waje a ajinsa, kuma sikeli ke yanke hukunci: ka haura awon, an ajiye ka. To Siraj ya yi aure, jiki ya buɗe, ya haura. Akwai wani yaro a unguwar Bali da ke jiran gurbin, kuma gaskiya yaron ya iya. Koci ma ba mugu ba ne, abin da sikeli ya nuna zai bi.

Sai Siraj ya daina ci. Yana naɗe jikinsa da leda, ya zauna cikin mota a rana, yana tofar da yawu. Matarsa Kulsum ba ta sani ba. Ya ce in ta sani uwarta ta sani, in uwarta ta sani koci ya ji. Kullum yakan ce zai ci tare da Kawu, ya ɗauko kwanon zuwa ɗakina, ya zauna yana kallon bango, ni in cinye. Yarinyar ta iya miya, Hajiya. Wandon da na shekara ina ɗaurewa da igiya yanzu ya matse ni.

Kulsum tana ganin kwano na dawowa a suɗe, miji kuma yana zubewa. Mutumin da ke yawon ƙasashe ya rame haka, kin san sunan da unguwa za ta sa masa. An ce ƙanjamau ya kwaso. An daina sayen makalar da take soyawa, wato fanke. A wani bikin suna an ware mata kofinta. Shekaranjiya ta tare ni a ƙofa, ta durƙusa, ta ce Kawu don Allah in akwai abin da aka ɓoye mata a gaya mata, ko ta san yadda za ta shirya. Na ce gajiyar atisaye ce. Miyarta na cikina na faɗi haka.

Ubanta Alhaji Jalaluddeen ya aiko, ranar Juma'a zai zo ya ɗauki 'yarsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka zan yi. Awon kuma sai wata mai kamawa. Siraj ya kama hannuna yana cewa Kawu ka rufa mini asiri, saura kaɗan. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma ina so ya je. Ina so in shiga Daura da hotonsa a jarida. In na yi magana na rusa abin da na gina, in na yi shiru gidansa ya mutu. Yaya zan yi?

Tsohon ɗan dako, New Bell

Malam, na karanta, kuma ban ɗauke ka mugu ba. Ka raini maraya har ya ɗaga tutar ƙasa, ba kowa ke yin haka ba. Tsoron Siraj ma gaskiya ne, gurbin zai iya kuɓuce masa.

Amma dubi wanda ke ɗauke da nauyin. Ba kai ba ne, ba shi ba ne. Yarinya ce da ke kwana tana zaton mutuwa na jikinta, ba ta san laifin da ta yi ba. Gasa tana dawowa badi. Sunan da unguwa ta liƙa wa mace ba ya fita da sauƙi.

Kada ka ci amanarsa a bayan idonsa. Ka zaunar da shi yau, ka ce masa cin tuwo ya ƙare, ko ya faɗa wa matarsa da bakinsa ko kai ka faɗa. Daga nan ku je wurin Alhaji kafin Juma'a, kada ku jira ya zo. Dattijon da ya ji 'yarsa lafiya take ba zai ruga wurin koci ba. Siraj da Kulsum su je asibiti a gwada su, hankalin kowa ya kwanta, likita kuma ya duba Siraj, don leda da rana suna kashe ƙoda. In za a iya sauke nauyin ta hanyar da ba ta cutarwa, Kulsum ce za ta fi kowa iya dafa masa abin da ya dace. In ba za a iya ba, ya gaya wa koci, ya nemi aji na gaba.

Batun Daura kuwa, ka je ko babu hoto. Kai suke kewa.

Kwanon yau kada ka taɓa shi. Ka mayar mata da shi cike, da hannunka. Allah ya daidaita gidansu, ya kai ka gida lafiya.

Hajiya Azumi