Sunan Sarki a Harsashin Ɗakin Midhat

Ƙantir

Zuwa ga maigidana Abu Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ciwon bayan nan ya yi sauƙi, zafin Kuwait kuma bai galabaitar da kai ba. Mu duk ƙalau.

Ana haƙa harsashin ɗakin auren ɗanmu Midhat, sai aka tono wasu 'yan gasassun yumɓu, kowanne bai fi babban yatsa ba, da zane a ciki. Babanka na gani ya gane su. Ya ce a cikinsu mutanen dā suke zuba zoben hatimi, kuma sunan Fir'auna Ramsis ne a jiki.

Kafin azahar Shauki dillali ya iso. Ya sha shayi, ya ce, "Ummu Midhat, Turawa na haukan tara waɗannan. Ba ni, in gama miki ginin har fenti."

Na ce, "Sayar da kayan tarihi laifi ne. In aka kama Midhat, kai za ka riƙa kai masa abinci gidan yari?"

Baba na so a sayar. Ya ce in hukuma ta ji za ta tsayar da aikin, ga baban amarya ya gaji da jira. Ni ma ina tsoro. Da ma kana nan.

Matarka mai kewarka,
Sabah

Zuwa ga maigidana,

Sallama da gaisuwa. Saƙonka ya iso, na gode da addu'a.

Midhat bai jira kowa ba, ya kai su ofishin kayan tarihi da kansa. An tsayar da ginin sai an gama bincike. Baba ya daina yi mana magana.

Da baban amarya ya zo jiya, na ɗauka fasa auren zai yi. Ya leƙa ramin, sannan ya ce, "Yaron da bai ɓoye wa hukuma ba, ba zai ɓoye wa 'yata ba. Su zauna a saman gidana kafin a gama ginin."

Na shige kicin na yi kuka.

An sa biki bayan ƙaramar salla, ka nemi hutu. Baba kuwa ya kafa kujera a bakin ramin, duk wanda ya wuce sai ya ji cewa shi ne ya hana a sayar.

Taka har kullum,
Sabah